Wasiƙar Nas Ɗin Malam Uku

A makarantar babu mai kiransa da sunansa na yanka. Malam Uku ake ce masa, har shugabar makaranta in ta manta. Sunan ya fito ne daga dokarsa: duk ɗalibin da ya ɗauko magana daga intanet sai ya kawo madogara uku, wato shafuka uku daban-daban da suka faɗi abu ɗaya, in ba haka ba ya koma da kayarsa. Shekara ashirin da shida yana koyar da tarihin duniya, bai taɓa sassauta wa kowa ba. Yara na cewa ko gaishe shi za ka yi da safe, sai ka zo da shaidu uku cewa gari ya waye.

Yana da ɗan shafinsa a intanet, wanda ya gina da hannunsa tun makarantar na da kwamfuta biyu kacal. Ba wani kyau ne da shi ba. Launin toka ne, ba hoto ba kwalliya. Amma a cikinsa ya jera adireshin duk wurin da ɗalibi zai samu abin kirki kyauta: gidajen tarihi da suka ɗora kayansu, tsofaffin taswirori, hotunan birane kafin yaƙi ya ci su, muryoyin tsofaffi da aka naɗa suna ba da labarin ƙasashensu. Kowace Asabar da hantsi yakan zauna da kofin shayi ya bi adireshin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya mutu ya cire shi, wanda ya koma tallar maganin ƙiba ya kore shi. Da shafin nan yake tinƙaho, ko da yake ko za a yanka shi ba zai yarda tinƙaho yake ba.

A ajin ƙarshe na shekarar akwai yarinyar da ake kira Lauya, 'yar mai gyaran keke na bakin mararraba. Sunan ya bi ta ne saboda ba a faɗar magana a gabanta ta wuce salin-alin. Sau biyu ta kama Malam Uku da kuskuren shekara a kan allo, sau biyun kuma ya yi mata godiya yana haɗe rai. A zuciyarsa kuwa bai taɓa samun ɗaliba kamarta ba. To akwai wata gidauniya da ke shirya gasar maƙala kan tarihin duniya duk shekara, wanda ya zo na ɗaya a ɗauki nauyin karatunsa a jami'a har ya gama. Ga wasu yaran gasar nan ado ce kawai. Ga Lauya kuwa ita ce ƙofar, babu ta biyu, kuma daga ita har Malam sun san haka. Ranar Alhamis da ƙarfe sha biyun rana za a rufe karɓa.

Ranar Litinin bayan an tashi ta same shi a ɗakin kwamfuta, yana bi tebur-tebur yana kashe waɗanda yara suka bari a kunne. Ta ajiye masa takardu goma sha biyu a gabansa.

"Malam, ga ta. Wata huɗu ina fama. In ka samu kuskure ɗaya na yarda ka canza mini suna."

"Bakinki dai," ya ce, ya ja kujera, ya gyara tabarau.

Maƙalar a kan babbar annobar da ta zagaye duniya sama da shekara ɗari da suka wuce take, da yadda littattafai suka ƙirga matattu amma suka manta da muryar waɗanda suka yi jinyarsu. Shafin farko ya burge shi har ya fara gyaɗa kai. Da ya buɗe na biyu sai ya tarar da ginshiƙin aikin gaba ɗaya, wata wasiƙa da aka ce wata nas a wani birni na bakin teku ta rubuta wa 'yarta:

"'Yata, kada ki tsaya a bakin ƙofa kina jirana. Ki ci abincinki da zafinsa. Yau mutum tara suka cika a hannuna, ban san sunan ko ɗaya ba, sai na riƙa kiransu da naki don kada su tafi ba wanda ya kira su. In na dawo za ki ba ni labarin makaranta. In ban dawo ba, ki ba wa babanki, yana son labari ko da ba ya nunawa."

Malam Uku ya sake karanta ta. Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, kalmomin na nan yadda suke.

"A ina kika samo wannan?"

"Malam ke nan! Ai na san sai ka tambaya." Ta jawo kwamfutar kusa ta kunna. "Ga na farko, babban shafin nan na ɗalibai da kai ma ka sa a jerinka. Ga na biyu, darasin wani malamin jami'a. Ga na uku, baje kolin wata ƙungiyar ma'aikatan jinya. Har hotonta sun sa, duba. Na huɗu da na biyar ma akwai, na dai ga kada in cika maka ciki."

Ya duba. Wata mata ce da farar hula, idanunta a gajiye, a ƙasa an rubuta shekarar haihuwarta da ta mutuwarta. Bai san ko wace ce baiwar Allahn nan ba. Abin da ya sani shi ne ba ita ta rubuta wasiƙar ba, domin shi ya rubuta ta, a ɗakin nan, a kan tebur na biyu daga taga.

Shekara goma sha shida ke nan. A shekarar matarsa ta rasu bayan doguwar jinya, ta bar masa 'ya ɗaya mai shekara tara. Ranar da za a kai ta asibiti tafiyar ƙarshe, ta riƙe hannun yarinyar ta ce kada ta tsaya a bakin ƙofa tana jiranta, ta ci abincinta da zafinsa. Sati shida bayan nan darasin annoba ya zo, yana so ya nuna wa aji yadda ake sa kai a matsayin mutumin da, a rubuta wasiƙa da bakinsa. Ya zauna rubuta misali, sai maganar matarsa ta fito da kanta, ya ƙarasa sauran. Ya ɗora ta a shafinsa a tsakiyar takardun gaske, da niyyar ya ƙara layi ɗaya a ƙasa cewa ƙirƙira ce don darasi. Layin nan bai taɓa rubuta shi ba. A kwanakin ko murhu yakan manta a kunne. Bayan shekara uku ya ci karo da ita yana gyaran shafi, ya goge ta don ba ya iya karantawa, ya ɗauka magana ta ƙare. Ashe tuni wani ya kwafa, wani ya kwafa daga wanin, wani ya fassara, wani kuma ya ga bai kamata mata mai irin wannan magana ta zauna ba fuska ba.

"Malam, lafiya? Ko ta yi muni ne?"

"Ba ta yi muni ba," ya ce, kuma gaskiya ya faɗa, don bai taɓa karanta aikin ɗalibi mai kyanta ba. "Bar mini ita in duba a gida."

Da la'asar 'yarsa ta dawo daga kantin maganin da take aiki, ta same shi a falo zaune da takardun a cinya, bai ko cire takalmi ba. Bai iya ɓoye mata abu ba tun tana ƙarama. Ya miƙa mata shafi na biyu. Ta karanta a tsaye, jakarta a kafaɗa, ta kai ƙarshe ta koma farko.

"Baba, ai maganar Mama ce wannan."

"Ita ce."

Ya gaya mata komai. Ta zauna a hannun kujera, hawaye na bin fuskarta ba ta share ba. Ya yi zaton faɗa za ta yi masa don ya ɗauki abin da aka faɗa mata ita kaɗai ya watsa a duniya. Sai ta ɗauko wayarta ta rubuta layin farko ta bincika, ta riƙa jan allon da yatsa tana ja tana ja, abin ya ƙi ƙarewa.

"Dubi mutanen da suka karanta. Wannan ta ce ta yi kuka a cikin aji. Wannan ya ce saboda ita ya shiga aikin jinya." Ta ɗago. "Baba, ka bar ta."

"In bar ƙarya?"

"Ƙaryar me? Mama ba ta faɗa ba? A kunnena ta faɗa. Kuma wa aka cuta? Alƙalan gasar ma in sun bincika abin da za su gani ke nan. Yarinyar nan ba ta da laifi ko na sisin kwabo, duk abin da ka koya mata ta yi. Kai ne za ka ji sanyi in ka faɗa, ita ce za ta kwana a ciki."

Maganar ta shige shi, don babu inda ta karkace. Ya ji tsoro, ya kuma ji kunya, domin a can ƙasan ransa ya san ba don Lauya kaɗai yake son yin shiru ba. Har da don Malam Uku, mutumin da ke mayar da yara da kayarsu.

Ranar Talata ya yi abin da matsoraci mai ilimi ke yi, ya kama aiki da gefen matsala. Tun da safe ya aika wa shafukan uku saƙo cewa wasiƙar ba ta gaske ba ce, shi ya ƙirƙire ta. Biyu ba su amsa ba. Na ukun ya amso kafin azahar, cikin ladabi, cewa sun gode, amma wasiƙar tana da madogara da dama, don haka ya taimaka ya turo hujjar da ke tabbatar da iƙirarinsa. Ya yi wata 'yar dariya mara daɗi. Hujjar shi ya goge ta da hannunsa shekara goma sha uku da suka wuce. Da aka tashi ya hango Lauya tana nufo ofis, sai ya sulale ta ƙofar baya kamar yaron da bai yi aikin gida ba. Haka yini guda ya salwanta, kuma yinin nata ne, ba nasa ba.

Ranar Laraba ba ta jira a tashi ba. Lokacin hutun ƙarfe tara ta ritsa shi a ɗakin kwamfuta da takardar shiga gasa a hannu.

"Malam, jiya ka gudu, na gan ka. Sa hannu kawai ya rage."

Ta nuna masa wurin da yatsa. A saman layin an rubuta cewa malamin da ya sa hannu ya shaida ya duba madogaran ɗalibi, kuma a iya saninsa sahihai ne. Ya zaro biro daga aljihu, ya cire murfin. Sa hannunsa gajere ne, ko numfashi biyu ba ya kaiwa. Ya tsaya yana kallon layin har ta fara buga ƙafa.

"Zauna, Lauya."

"Malam, za a koma aji fa."

"Zauna, 'yar nan. Nas ɗin nan babu ita. Ba a taɓa haihuwarta ba. Ni na rubuta wasiƙar."

Ta yi dariya, ta jira ya yi, bai yi ba. Ya ba ta labarin daga farko, bai rage wa kansa komai ba, har da gudun jiya. Yana magana fuskarta na canzawa, har ta koma kamar ba yarinyar da ke ƙure malamai ba.

"Amma shafuka uku ne, Malam. Biyar ma."

"Duk daga wuri ɗaya suka sha. Daga wajena."

"To ni ta ina zan sani? Kai ka ce uku. Tun aji ɗaya kake ce mana uku."

"Ba ta inda za ki sani. Na koya muku ƙirga shafuka, ban koya muku bin sawu har inda magana ta fito ba. Laifina ne, na da da na yanzu."

Ta dubi takardar, ta dubi biron. Muryarta ta yi ƙasa.

"In ka sa hannu, akwai wanda zai gane?"

"Babu."

"To ka sa mana."

"Ba zan iya ba."

"Ba za ka iya ba," ta maimaita, tana gyaɗa kai a hankali. "Tun Litinin ka sani. Da ka faɗa mini a ranar da ina da kwana uku. Yanzu kwana ɗaya gare ni, kuma in na zare wasiƙar nan komai rushewa zai yi."

Ya ce zai roƙi shugaba ta ɗauke mata sauran darussan yau da na gobe, zai zauna da ita su nemo wasiƙu na gaske, akwai su a ɗakunan ajiyar tarihi na intanet. Ta tattara takardunta ba ta dube shi ba. Sai da ta kai bakin ƙofa ta juyo.

"Matarka ce ta ce a ci abinci da zafinsa?"

"Ita ce."

"Allah ya jiƙanta," ta ce, ta koma ta zauna a gaban kwamfuta.

Sun samo wasiƙu na gaske guda biyu. Ɗaya wani direban motar asibiti ne ke ƙorafin ƙarancin bargo, ɗayar wata mata ce ke tambayar ko an ga ɗan'uwanta. Babu mai sa mutum kuka a cikinsu. Mutanen da suka rayu da gaske ba su san za a karanta su ba, balle su gyara zance. Lauya ta gina abin da za ta iya a kansu, shafi bakwai, ɗinkin duk a waje. Ranar Alhamis saura minti ashirin a rufe ya sa hannu, ta tura. A ranar ce kuma ya rubuta gaskiyar wasiƙar a saman shafinsa da manyan baƙaƙe, ya tsaya gaban kowane aji ya faɗa da bakinsa. Bayan kwana biyu wani shaƙiyyi ya fara kiransa Malam Nas, sunan kuma bai kama ba, don abin ya fi ƙarfin dariya.

Bayan sati bakwai sakamako ya fito. Ranar Asabar ce, ya buɗe shafin gidauniyar da hantsi. Sunan Lauya na cikin waɗanda aka yaba wa ƙoƙarinsu, can ƙasa. Wadda ta zo na ɗaya wata yarinya ce daga wata makaranta mai nisa, kuma an ɗora maƙalarta don kowa ya karanta. Ya danna. Layin farko ya ce: "'Yata, kada ki tsaya a bakin ƙofa kina jirana."

Shayin ya huce a gabansa. Ya tashi ya sa takalmi ya nufi mararraba.

Rumfar gyaran keken ƙarama ce, tayoyi a rataye, bahon ruwan neman huji a gefe, ƙasa duk baƙin mai. Lauya na zaune a benci tana ware ƙananan ƙusoshi cikin gwangwanaye. Babanta na can ciki ya kifa wani keke yana ɗaure sarƙa. Ta miƙe ta gaishe shi kamar kullum, sai dai babu wasa a idonta.

"Kin gani?" ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Na gani. Na karanta har ƙarshe. Tawa ta fi tata."

"Ta fi ta. Zan rubuta wa gidauniyar in gaya musu..."

"A ƙwace mata? Ita ma 'yar wani ce, Malam. Ita ma bincike ta yi ta gani. Kuma ko an ƙwace, ba ni za a ba ba." Ta jefa ƙusa a gwangwani. "Ka rubuta musu don na baɗi. Na bana ya wuce."

"Ke fa?"

"Baba ya yi wa wani mai kantin kayan gini magana. Ranar Litinin zan fara."

Kafin ya samu abin cewa, mai gyaran keke ya hango shi. Ya saki sarƙar, ya fito yana goge hannu a tsumma, fara'a har kunne. Dattijo ne siriri, bayansa ya ɗan ranƙwafa saboda sunkuyo. Ya ƙi ba da tafin hannu saboda mai, ya miƙa tsintsiyar hannu.

"Malam da kansa! Ke, ba ki goge masa benci ba? Malam, wallahi ina ta so in zo har gida in yi godiya. Ta gaya mini yadda ka ajiye aikinka kwana biyu kana zaune da ita. Abin da bai samu ba, Allah ne bai nufa ba, amma kai ka fita haƙƙinta. Ko ni da na haife ta ban yi mata abin da ka yi ba. Ƙannenta biyu na tafe, in sun iso hannunka na san sun faɗa hannu na gari."

Malam Uku ya dubi Lauya. Ta sunkuyar da kai tana juya gwangwani. Ashe sati bakwai tana ɗauke da abin ita kaɗai, ba ta gaya wa mahaifinta ba, ta bar masa malamin 'yarsa yadda ya san shi. Ta ɗago, da ido ta roƙe shi ya karɓi godiyar ya tafi. Ya ji nauyin hakan ya fi na duk abin da ya gabata.

Ya zauna a bencin da ba a goge ba.

"Baban Lauya," ya ce, "ajiye tsumman nan ka zauna. 'Yarka ba faɗuwa ta yi ba. Ni na kayar da ita."